Gargaɗi: Kada a Yaudare Ku da Sunan Aikin Sa-kai a Maroko

Jama'a, a yi hattara. Duk wanda aka ce masa ya kawo kuɗi za a samo masa gurbin aikin sa-kai a ƙasar Maroko, da masauki da abinci da alawus na dala kowane wata, daga can kuma Turai tsallake ɗaya ce, to ya riƙe kuɗinsa, ya riƙe fasfonsa, ya karanta wannan gargaɗi har ƙarshe kafin ya sake ɗaukar wayar mutumin. Ku kuma iyaye, in ɗanku ko 'yarku suka shigo muku da irin wannan magana, kada a sayar da gona, kada a jinginar da gida, kada a taɓa gwal ɗin uwa, sai an zauna an tantance.

Tallan yana da daɗin kallo. Za ka ga hoton garin Shafshawan mai shuɗin bango, da raƙuma a kan yashin Marzuga, da dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh da daddare, sannan a rubuta a ƙasa cewa ana neman matasa su koyar da yara Turanci a ƙauyukan duwatsun Atlas, ko su kula da marayu, ko su taimaka wa waɗanda girgizar ƙasa ta rushe wa gidaje. Tun da aka tabbatar Maroko za ta karɓi gasar cin kofin duniya ta 2030 tare da Sifaniya da Fotugal kuma, mayaudara sun sami wata ƙofar shiga, domin sunan ƙwallo kaɗai ya isa ya ruɗa matashi. Ana farawa da kuɗin fom. Sai kuɗin takardar gayyata, sai na biza, sai na gwajin lafiya, kullum ana ce maka gurbi ya kusa cika, gobe za a rufe. Asusun da za ka tura kuɗin kuwa da sunan mutum yake, babu sunan wata ƙungiya a jikinsa.

Masu wannan sana'a iri biyu ne. Na farko ɗan damfara ne kawai: ya karɓi kuɗi, ya turo maka takardar bogi mai tambari, ya kashe waya. Wanda ya faɗa hannunsa ya yi asarar dukiya, amma yana kwana a ɗakinsa. Na biyun shi ne abin tsoro, domin shi da gaske zai fitar da kai daga ƙasarka.

A fara da abin da kowa zai iya aunawa da hankalinsa. Hukumar ƙididdiga ta Maroko ta ce rashin aikin yi a ƙasar ya kai kashi 13 cikin 100 a shekarar 2023, a tsakanin matasa 'yan shekara 15 zuwa 24 kuwa ya haura kashi 35 cikin 100. Ga samarinsu nan da digiri a hannu suna zaune, wasunsu su ma kwale-kwale suke shiga zuwa Sifaniya. A 2024 har sai da masu gabatar da ƙara na ƙasar suka buɗe bincike a kan 'yan Maroko da aka yaudara da alkawarin aiki, aka kai su Myanmar aka tsare. To wace ƙungiya ce za ta tsallake waɗannan matasa, waɗanda suke jin yaren mutanen ƙauyen, suka san hanya, ta aiko Kano ko Maraɗi neman wanda bai taɓa riƙe alli ba, ta kuma biya shi da dala? Aikin sa-kai na baƙi yana nan a Maroko, gaskiya ne, sai dai yadda yake gudana shi ne baƙon ne yake biya. Ɗalibai daga Turai da Amurka su suke sayen tikitinsu, su biya kuɗin shirin, su biya iyalin da za su sauka a gidansu, su yi mako biyu ko wata guda su koma makaranta. Ko FIFA, da ta nemi 'yan sa-kai don gasar 2026, ta faɗa ƙarara cewa babu albashi, kuma kowa shi zai ɗauki nauyin tafiyarsa da masaukinsa, rajistar kuwa kyauta ce a shafinta. Duk wanda ya zo maka da labarin da ya juya wannan tsari, ya ce kai za a biya, amma sai ka fara biyan sa, ka san inda ya dosa.

Batun girgizar ƙasa ya cancanci a tsaya a kansa, domin da shi ake taɓa zuciyar mutane masu imani. A daren 8 ga Satumba 2023 girgiza mai ƙarfin maki 6.8 ta afka wa lardin Alhauz, kudu maso yammacin Marrakesh, ta kashe mutum kusan 3,000. Ƙauyuka kamar Tafagagt da Talat N'Yakub sun rushe kusan gaba ɗaya, tsohon masallacin Tinmel mai ɗaruruwan shekaru ya zube. Ƙasashe da yawa sun miƙa tayin agaji, amma a kwanakin farko gwamnatin Maroko ta karɓi tawagogin ceto na ƙasashe huɗu ne kawai: Sifaniya, Birtaniya, Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Hujjarta ita ce taron masu agaji ba tare da tsari ba zai ƙara dagula aikin, ga hanyoyin kan dutse ƙanana, ga duwatsu sun gangaro sun toshe wasu. Har Faransa ba a amsa mata ba. Bayan nan fadar Sarki Muhammad na Shida ta sanar da shirin sake gini na dirhami biliyan 120 cikin shekara biyar, da dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe duka, da 80,000 ga wanda nasa ya lalace. Ma'ana, hukuma ce take riƙe da aikin, kuma magina da injiniyoyi na ƙasar ne suke yin sa. Ƙasar da ta ce wa ƙwararrun masu ceto na Faransa su dakata, ba za ta bar wa wani ejan da ke zaune a shagon waya a garinku ikon ɗaukar mata ma'aikata ba.

Yaran da suka rasa iyayensu a girgizar kuma, Sarki ya ba da umarni a mayar da su ƙarƙashin kulawar gwamnati. A makonnin farko an ga wasu marasa tsoron Allah suna wallafa maganganun neman ƙananan 'yan mata daga ƙauyukan da abin ya shafa, har aka kama wani matashi a kan abin da ya rubuta. Tun daga lokacin ido yana kan duk baƙon da ya doshi yara a yankin. Wanda ya je da takardar bogi yana cewa ya zo kula da marayu, tuhumar da zai fuskanta ta wuce ta zama ba izini.

Ga kuma doka. Ɗan Najeriya ba ya shiga Maroko sai da biza, kuma ofishin jakadancin ƙasar da hanyoyin da shi ya ayyana ne kaɗai suke bayar da ita. Ɗan Nijar yana cikin waɗanda aka ɗauke wa biza don gajeriyar ziyara, amma shi ma ya tuntuɓi ofishin jakadancin da ke Yamai kafin ya sayi tikiti, domin akan sa sharaɗin neman izini ta intanet a wasu lokuta. Da biza ko babu, zaman mai ziyara ba ya wuce kwana 90. Wanda ya zarce ba tare da katin zama ba ya karya dokar shige da fice mai lamba 02-03 ta shekarar 2003, kuma abin da ke jiransa shi ne kotu, tara, ko kora. Izinin ziyara ba ya halatta aikin albashi. Kafin baƙo ya yi aiki sai ma'aikatar ƙwadago ta sa hannu a kwantiraginsa, kuma galibi sai hukumar samar da ayyuka ta ANAPEC ta shaida cewa ba a sami ɗan ƙasa da zai iya aikin ba. Shi kansa aikin sa-kan yana da dokarsa, mai lamba 06.18 ta 2021, wadda ta tanadi rubutacciyar yarjejeniya tsakanin ƙungiya da ɗan sa-kai, da izinin hukuma, da inshora. Ka tambayi wanda yake gayyatarka waɗannan takardu ɗaya bayan ɗaya. In ya ce ka zo kawai, za a gyara komai in ka iso, maganar ta ƙare.

Ke 'yar'uwa, wannan ɓangaren naki ne. Yadda abin yake faruwa a ƙasashe da dama, ba Maroko kaɗai ba, kusan iri ɗaya ne. Wata mata mai fara'a za ta tarbe ki a filin jirgi, ta ce ki kawo fasfo za a je a yi miki katin zama. Daga ranar ba za ki sake ganin sa ba. Makarantar da aka ce za ki koyar ba ta buɗe ba tukuna, don haka ki ɗan zauna a wani gida ki taya su aiki. Bayan mako guda za a karanta miki bashi: kuɗin jirgi, kuɗin biza, kuɗin abincin da kika ci, a ce sai kin biya za ki fita. Kwana 90 na cika, sai a fara tsorata ki da 'yan sanda, a ce ai yanzu ke baƙuwar haure ce. Wasu a aikatau suke ƙarewa, wasu a abin da baki ba zai iya faɗa ba. Ki sani, Maroko tana da dokar yaƙi da safarar mutane mai lamba 27.14 tun 2016, tana da dokar masu aikin gida da ta wajabta rubutaccen kwantiragi, kuma wanda ya ƙwace miki fasfo ya tilasta ki aiki shi ne mai laifi a gaban doka. Fasfo mallakar gwamnatin da ta ba ki ne. Jami'in hukuma kaɗai zai karɓa ya duba ya mayar miki. Uwar ɗaki ko shugaban ƙungiya ba su da hurumin riƙe shi ko na kwana ɗaya.

Mafi muni shi ne wanda zai ce maka jirgi ya yi tsada, a bi ta ƙasa: Kano zuwa Damagaram, zuwa Agadas, zuwa Arlit, a shiga Aljeriya ta Tamanrasat, a haura arewa a tsallaka Maroko ta Wujda. Ku ji da kyau. Iyakar ƙasa tsakanin Aljeriya da Maroko a rufe take tun 1994, kuma a watan Agusta 2021 Aljeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Maroko gaba ɗaya. Babu wata ƙofa a can da za a buga wa mutum hatimi a fasfo. Abin da ke tsakanin garin Magniya na Aljeriya da Wujda shi ne ƙaton rami a ɓangaren Aljeriya, da shingen waya a ɓangaren Maroko, da sojoji. Da daddare ake tsallakawa, ana karyewa, lokacin sanyi kuma ana tsintar gawawwaki. Babbar hanyar mota da take shiga Maroko daga kudu bisa doka ita ce ta Gargarat, ta cikin Muritaniya, ita ma sai da cikakkun takardu, kuma kafin ka isa can daga wajenmu sai ka ratsa yankunan da tsaro ya taɓarɓare. Babu wata ƙungiyar agaji ta gaskiya a duniya da take ɗora ma'aikacinta a bayan Hilux ta tura shi sahara da jarkar ruwa.

Wannan hanya kuwa mun san ta, ta ci namu. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu mutanen yankin Kance ne a jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu. Waɗanda suka tsira daga hamadar suka shiga Aljeriya kuma, kame yana jiransu. Ana kwaso mutane daga birane a manyan motoci a zube su a wani fili da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 a ƙafa cikin yashi kafin su isa Assamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya mutum fiye da 30,000 da aka koro ta wannan hanya a shekarar 2024 kaɗai. Soke dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 da gwamnatin mulkin sojan Nijar ta yi a Nuwamba 2023 ya sa motoci sun koma fita Agadas a fili, sai 'yan kamasho suke nuna wannan a matsayin shaidar hanya ta gyaru. Dokar Nijar ce ta sauya. Hamada da 'yan sandan Aljeriya suna nan yadda suke.

Sai maganar Turai, wadda ita ce ainihin abin da yake jan da yawa, ko da baki yana cewa aikin lada. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Gaskiya ne a wuri mafi ƙanƙanta kilomita 14 ne kacal tsakanin Maroko da Sifaniya, kuma garuruwan Sabta da Melilla, da suke hannun Sifaniya, a kan ƙasar Afirka suke. Amma dogayen shingaye ne suka kewaye su. Ranar 24 ga Yuni 2022 mutum kusan 2,000, yawancinsu daga Sudan da Chadi, suka yi yunƙurin haura shingen Melilla ta wajen Nador. Hukumomin Maroko sun ce 23 sun mutu, ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla 37 ne, ga wasu da dama da iyalansu ba su sake jin ɗuriyarsu ba. Waɗanda suka gangara kudu don bin teku zuwa tsibiran Kanari sun hau ɗaya daga cikin hanyoyin ruwa mafiya cin rai a duniya. Jami'an tsaro kuma sukan yi shara a Tanja da Nador, su cika bas-bas da baƙaƙen fata su kai su garuruwan kudu kamar Tiznit su sauke; a 2018 Amnesty ta ce an kwashe kimanin mutum 5,000 ta haka cikin 'yan watanni, kuma a irin wannan kame ba kullum ake tsayawa duba takarda ba. Takardar shaidar aikin sa-kai, ko ta gaske ce, ba ta zama bizar Turai.

Kada wani ya ɗauka ƙasar muke kushewa. Maroko ƙasa ce mai karamci, ta ba baƙi kusan 50,000 takardun zama a shirye-shirye biyu da ta yi a 2014 da 2017, dubban ɗaliban Afirka suna karatu a jami'o'inta, kuma cibiyar horar da limamai da aka buɗe a Rabat a 2015 ta karɓi ɗalibai daga Najeriya. Tsakaninmu da su akwai zumunci mai tsawo: mazhabar Malikiyya ɗaya, ƙira'ar Warshu ɗaya, ga 'yan Tijjaniyya da suke zuwa Fas ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani. Wannan sabo ne ma yake sa mutum ya saki jiki, ya ɗauka gida ya je. To ko wanda ya tafi da zuciya ɗaya, da kuɗinsa da bizarsa, akwai abubuwan da in bai kiyaye ba zai kwana a hannun hukuma.

Masallatai a can ƙarƙashin ma'aikatar harkokin addini suke, ita take naɗa limamai, kuma baƙo ba ya miƙewa bayan salla ya fara wa'azi ko neman taimako kamar yadda aka saba a wajenmu. Tara gudummawa daga jama'a da rabon kayan agaji a bainar jama'a su ma sai da sanin hukuma, bisa doka mai lamba 18.18. Dalilin wannan tsauri sananne ne: a Nuwamba 2017 mata 15 suka mutu a turmutsitsin rabon abinci a ƙauyen Sidi Bula'alam kusa da Sawira. Saboda haka wanda ya tara kuɗin jama'a a gida, ya ce zai je ya raba barguna a ƙauyukan Atlas da hannunsa yana ɗaukar bidiyo, ya nemi ƙungiyar ƙasar mai rajista ya bi ta hannunta. 'Yan'uwanmu Kirista kuma su lura da sashe na 220 na kundin hukunta laifuka, wanda ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ga duk wanda ya yi ƙoƙarin raba Musulmi da addininsa. A watan Maris 2010 aka kori ma'aikata baƙi na wani gidan marayu mai suna Village of Hope a garin Ain Leuh bisa wannan zargi, bayan sun yi shekaru suna renon yara 33 a wurin. Abu uku ne ba a wasa da su a ƙasar, ko a baki ko a Facebook: sarauta, addinin Musulunci, da batun Yammacin Sahara. Baƙon da ya je garuruwan Layun ko Dakhla na wannan yanki yana tambaye-tambayen siyasa da ɗaukar hotuna, a jirgi na gaba ake sa shi. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ma, in ba ka da izini, a hannun kwastan zai tsaya.

Wanda kuma yake tunanin sauya akala zuwa wasu ƙasashen yankin don taimaka wa baƙin haure, ya san halin da ake ciki. A Tunisiya, a watan Mayu 2024, an kama ma'aikatan ƙungiyoyin da suke wannan aiki, cikinsu har da Sa'adiyya Misbah, fitacciyar mai yaƙi da wariyar launin fata, 'yar ƙasar ce kuwa. A Libiya, a Afrilu 2025, hukumomin Tarabulus suka dakatar da ƙungiyoyin agaji na duniya guda 10. In 'yan ƙasa da manyan ƙungiyoyi ba su tsira ba, ina ga baƙo shi kaɗai.

Ƙauyen dutse ma yana da nasa sharuɗɗan. A watan Agusta 2019 wasu 'yan mata 'yan sa-kai daga Beljiyam suna aikin shimfiɗa hanya a wani ƙauye na lardin Tarudant, sanye da gajerun wanduna, sai wani malamin makaranta ya wallafa kiran a fille musu kai. An kama shi, mutanen ƙauyen da 'yan ƙasar da yawa sun tsaya wa 'yan matan, amma ƙungiyar da ta turo su ta soke sauran tafiye-tafiyen da ta shirya. Kafin nan, a Disamba 2018, an yi wa wasu 'yan mata biyu daga Denmak da Norwe kisan gilla a tantinsu kusa da Imlil, a gindin dutsen Tubkal, kuma waɗanda suka aikata sun yi mubaya'a ga ƙungiyar IS. Irin wannan ba kasafai yake faruwa a Maroko ba, amma tun daga lokacin ba a barin kowa ya hau dutsen, mai tsayin mita 4,167, sai da ɗan jagora mai lasisi. Kada ka kwana a daji kai kaɗai, kada ka bi wanda ka haɗu da shi jiya zuwa ƙauyen da babu wanda ya san ka tafi.

Sanyi kuwa ba irin hunturunmu ba ne. Dusar ƙanƙara tana rufe hanyoyin Atlas ta yanke ƙauyuka na kwanaki, kuma a garin Ifran aka taɓa auna sanyi mafi tsanani a tarihin Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifiri, a 1935. Mai jin sanyi yakan kunna gawayi ko gas ya rufe ɗaki, iskar da ba ta da wari ta kashe shi cikin barci. A bar taga a ɗan buɗe. In kare ko kyanwar titi ta cije ka ko ta yaƙushe ka, ka wanke da sabulu ka nufi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare yana nan a ƙasar. Asibitocin kuɗi sukan nemi a ajiye wani abu kafin a kwantar da mutum, shi ya sa inshorar lafiya ta zama dole. Ga harshe: Larabcin da ka koya a Islamiyya zai taimake ka a masallaci da ofis, amma a kasuwa Darija ake yi, a ofisoshi da yawa Faransanci, a ƙauyukan da girgizar ta shafa kuwa Tashalhit ne yaren gida, tsofaffi da yara da dama ba sa jin wani. Wanda ba ya iya tambayar mara lafiya ina ke masa ciwo, wane taimako zai yi masa?

Ga mai son aikin sa-kai a ƙetare tsakaninsa da Allah, ƙofofin gaskiya suna nan, kuma ba a biyan ko sisi a bakinsu. Shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, yana ɗaukar mutane ta shafinsa, yana kuma gargaɗi da kansa cewa ba ya karɓar kuɗi a kowane mataki. Tarayyar Afirka, wadda Maroko ta koma cikinta a 2017, tana da shirin matasa 'yan sa-kai da aka ƙaddamar a Abuja a Disamba 2010, mai tura masu digiri aikin shekara guda a wata ƙasar Afirka. Najeriya tana da shirin Technical Aid Corps tun 1987, wanda yake tura likitoci da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu. Dukansu sana'a suke nema da gogewa, akwai tantancewa, akwai jira, da yawa ba sa samu. A ganina ma, wanda bai taɓa ɗaukar bokiti a aikin gayya na unguwarsu ba, bai leƙa Maiduguri ba lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba 2024, ya fara da ƙungiyar agaji ta garinsu. Shaidar wannan aikin ita ce abin da waɗancan hukumomi suke fara tambaya.

In kuwa wata ƙaramar ƙungiya ce ta Maroko ta gayyace ka, kuma kana da halin ɗaukar nauyin kanka, to ka nemi cikakken sunanta da adireshinta da takardar rajistarta, ka kai ofishin jakadancin Maroko a Abuja ko Yamai ka tambaya. Ka nemi magana da wanda ya taɓa zuwa ya dawo, wanda kai ka samo shi da kanka, ba wanda ejan ya haɗa ka da shi ba. Ka karɓi yarjejeniya a rubuce: wane aiki, awa nawa, a wane gari, wa zai ciyar da kai, wa zai biya in ka kwanta ciwo. Ka sayi tikitin zuwa da dawowa da kanka, ka riƙe kuɗin da zai ishe ka otal na 'yan kwanaki in abu ya ɓaci. Ka bar hoton fasfo da biza da lambar mai masauki a hannun iyayenka, ku sa ranar da za ku riƙa waya kowane mako, ku kuma shirya wata kalma da in ka faɗe ta za su gane kana cikin matsala kuma akwai mai sauraro kusa da kai. Kana sauka ka sanar da ofishin jakadancin ƙasarka a Rabat. Kada ka karɓi saƙon kowa ka sa a jakarka, ko na wanda ya biya maka jirgi.

Muna roƙon limamai da fastoci, masu unguwanni, shugabannin tasha, malaman makarantu da gidajen rediyo su isar da wannan ga waɗanda ba za su karanta ba, musamman a ƙauyukan da 'yan kamasho suka fi shiga.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, yana can babu fasfo ko kwanakinsa sun ƙare, kada kunya ta hana shi magana. Lambar 'yan sanda a biranen Maroko 19 ce, ta jandarmomi a karkara 177, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 15. Ofishin jakadancin ƙasarka a Rabat yana iya ba ka takardar tafiya ta gaggawa a madadin fasfo, kuma hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, tana da ofis a Rabat da shirin mayar da mutane gida bisa raɗin kansu. Iyalan da ke gida su daina tura kuɗi duk lokacin da aka bugo ana kuka, domin kowane biya yana jawo wani. Su tattara rasit na banki, lambobin waya, saƙonnin murya da hoton takardun da aka turo, kada a goge komai. A Najeriya a kai su ofishin NAPTIP mafi kusa, akwai a Kano da Sakkwato da Maiduguri, batun kuɗin kuma a kai wa EFCC ko 'yan sanda. A Nijar a kai wa 'yan sanda ko jandarmomi, ko hukumar yaƙi da safarar mutane da ke Yamai. In ejan ɗin ɗan unguwa ne, ko ɗan'uwa ne na jini, a faɗi sunansa duk da haka, domin a daidai wannan lokaci akwai wasu gidajen da yake karɓar kuɗin fom a hannunsu.